JAN TAURARON DA KE FITOWA DA HUNTURU

(Jawabi ga mutanen Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni)

 

A watan Disamba da Janairu, bayan sallar isha'i, ku fita tsakar gida ku fuskanci gabas. Za ku ga Kaza da 'Ya'yanta can sama. Ƙasa da su akwai taurari uku a jere. To, ku dubi hagu da waɗannan ukun. Akwai wani tauraro mai haske, jaja-jaja kamar garwashi. Turawa suna kiransa Betaljus, sunan da suka aro daga Larabci, wato Yadul Jauza'i. Ko fitilun Titin Zariya ba sa ɓoye shi, sai dai in hazo ya yi yawa.

Me ya sa yake ja? Ku tuna da ƙarfe a maƙera. Yakan fara yin ja, in wuta ta ƙaru sai ya yi fari. Haka taurari suke. Zafin fuskar wannan tauraro wajen digiri 3,300 ne, na rana kuwa wajen 5,500. Ashe jan nan alama ce ta cewa bai kai rana zafi ba.

Amma fa ya fi ta girma nesa ba kusa ba. Faɗinsa ya ninka na rana wajen sau 700. Nisa ne ya mai da shi ɗan ƙarami a idonmu. Hasken da za ku gani yau da dare ya yi fiye da shekara 500 yana tafe. Ya taso tun wajen zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ko ma kafin nan.

A ƙarshen 2019 zuwa Fabrairun 2020 tauraron ya dushe ƙwarai. Sai jita-jita ta bazu a duniya cewa ya kusa fashewa. Da masana suka bincika, sai suka gano ƙura ce da ya fitar daga jikinsa ta tare haskensa, kamar yadda hazo ke tare rana. Bayan 'yan watanni haskensa ya komo.

Gaskiya ne ya tsufa, kuma wata rana zai fashe. Masana sun ce a cikin shekara 100,000 masu zuwa ne. In hakan ta faru, za a gan shi har da rana tsaka, amma nisansa ya isa ya hana shi cutar da mu.

Saboda haka, in wani ya turo muku saƙo a waya cewa jan tauraro alamar annoba ce ko yaƙi, kada ku firgita, kada kuma ku tura wa wani. Ku fito da yaranku da jikokinku ku nuna musu shi, ku gaya musu dalilin jansa.

Allah Ya ƙara mana sani.