Izinin Zama a Cikin Waya: Wa Ke Biyan Kuɗin Kuskuren eVisa a Birtaniya?

 

Babu wanda ke zauren nan da bai san makomar katin izinin zama na BRP ba. Ranar 31 ga Disamba 2024 wa'adin kusan dukkan katunan ya cika, har da na mutanen da izinin zamansu na dindindin ne, aka ce kowa ya buɗe asusun UKVI, hukumar biza da shige da fice, ya riƙa duba matsayinsa a intanet, wato eVisa. Wannan takarda ba ta adawa da kwamfuta. Abin da take tuhuma shi ne, Ma'aikatar Cikin Gida ta Birtaniya ta karɓe shaidar da ke aljihun baƙo, ta mayar da ita cikin rumbun da ita kaɗai ke da mabuɗinsa, sannan ta bar wa baƙon asarar duk ranar da rumbun ya ƙi buɗewa ko ya fito da ƙarya.

Buɗe asusun kansa ba abin tsayawa ba ne sosai. Ana buƙatar imel, lambar waya, fasfo ko tsohon kati, da wayar da za ta ɗauki manhajar UK Immigration: ID Check, a ɗauki hoton fuska, a jira saƙo. Kyauta ne, kuma duk wanda ya nemi kuɗi a kansa ɗan damfara ne. Ɗalibi mai sabon fasfo da waya mai kyau yakan gama kafin shayinsa ya huce. Matsalar tana farawa ne bayan an buɗe.

Ita kanta Ma'aikatar ta nuna da aikinta cewa ba ta gama shiri ba. A farkon Disamba 2024, saura makonni kaɗan wa'adi ya cika, ministar kula da shige da fice ta lokacin, Seema Malhotra, ta sanar cewa kamfanonin jirage za su iya karɓar katin da ya mutu har zuwa 31 ga Maris 2025. A Fabrairu aka sake ɗagawa zuwa 1 ga Yuni 2025. A wannan sanarwa ta biyu an yi alfahari da cewa sama da mutum miliyan 4 sun buɗe asusu, amma a ciki aka amsa cewa kimanin 600,000 ba su buɗe ba. Watau wata biyu bayan mutuwar katin, akwai mutane 600,000 da ke zaune bisa doka, waɗanda ba su kai ga shaidar da ta maye gurbinsa ba. Tallafin da aka ware a 2024 wa ƙungiyoyi irin su Migrant Help da Citizens Advice Scotland don su taimaki marasa ƙarfi bai wuce fam miliyan 4 ba. Mai sauraro ya raba wannan kuɗi da wancan adadi da kansa.

Sai a duba inda ake neman shaidar. Tun 6 ga Afrilu 2022, mai ɗaukar aiki da mai gidan haya ba sa karɓar katin BRP a hannu. Dole baƙo ya shiga asusunsa ya ciro lambar tantancewa mai harufa da alƙaluma tara, wadda kowa ke kira share code, ya miƙa ta tare da ranar haihuwarsa, su kuma su shiga shafin gwamnati su duba. Lambar tana aiki kwana 90. Ta aiki daban, ta haya daban, ta sauran buƙatu daban, kuma ba a musanya su. Daga 13 ga Fabrairu 2024, tarar wanda ya ɗauki marar izini aiki ta kai fam 45,000 kan kowane ma'aikaci a karon farko, fam 60,000 idan ya maimaita. Mai gidan haya a Ingila yana iya biyan fam 10,000 kan ɗan haya guda, fam 20,000 a karo na biyu. To, a tsaya a matsayin mai gidan kula da tsofaffi da ke neman ma'aikaciya, ko mai ɗaki ɗaya na haya a Manchester. Mutum biyu sun zo, ɗaya ya ajiye fasfon Birtaniya a kan tebur, ɗaya ya ce a shiga intanet, shafin kuma ya nuna saƙon kuskure. Ba sai ya ƙi baƙi ba kafin ya zaɓi na farko. Tsoron tara ya isa.

Jami'ai sukan ce bayanin da ke intanet ya fi kati aminci, domin ba ya ɓacewa, ba a sace shi, ba a jabunsa. Wannan gaskiya ne idan abin da ke cikin rumbun daidai ne. A Maris 2024 jaridar Guardian ta wallafa takardun cikin gida da suka nuna cewa sama da mutum 76,000 ne aka rubuta musu suna, hoto ko matsayin zama ba daidai ba a rumbun bayanan Ma'aikatar, mai ɗauke da bayanan mutum miliyan 177. Babban sanadin shi ne na'ura ta haɗe bayanan mutum biyu ta mayar da su mutum ɗaya. Sai mutum ya buɗe asusunsa ya ga fuskar wani baƙo a kan sunansa, ko ya ga an ce ba shi da izinin aiki. Ma'aikatar ta ce kaso ne ƙanƙani. Wanda aka dakatar daga aiki ba ya ciyar da iyalinsa da kaso.

Rahoton da ƙungiyar Open Rights Group ta fitar a Satumba 2024 ya bayyana dalilin da ya sa irin wannan kuskure ke da wuyar ƙarewa. Ashe eVisa ba takarda ɗaya ba ce da aka adana a wuri guda. Duk lokacin da mutum ya shiga, na'ura ce ke zagaya rumbuna daban-daban ta tattaro bayanai ta haɗa matsayinsa a nan take. Abin da ya fito daidai jiya yana iya fitowa a karkace yau. Rahoton ya kuma ja hankali ga sharuɗɗan amfani da asusun, inda Ma'aikatar ta wanke hannunta daga duk asarar da mutum zai yi saboda matsalar tsarin. Gwamnati ta tilasta amfani da hanya ɗaya tak, ta kuma rubuta cewa idan hanyar ta rufta ba ruwanta. Wannan shi ne zuciyar ƙorafin.

Kotu ma ta taɓa duba wani ɓangare na lamarin. Wanda ya nemi sabunta biza kafin tsohuwar ta ƙare, sashe na 3C na dokar shige da fice ta 1971 ya tsare masa dukkan haƙƙoƙinsa har a yanke hukunci, kuma jiran kan ɗauki watanni da yawa. Amma a wancan lokacin dubban mutane ba su da abin nunawa a wannan tsakani. Ƙungiyar RAMFEL mai taimakon baƙi da wata ma'aikaciyar kiwon lafiya 'yar asalin Gana, wadda aka dakatar daga aiki saboda haka, suka kai ƙara. A Yuni 2024 Babbar Kotu ta ce rashin ba irin waɗannan mutane shaida ya saɓa wa doka. Ma'aikatar ba ta rungumi hukuncin ba, ɗaukaka ƙara ta yi.

Inda abin ya fi shafar jama'armu shi ne tafiya. Ƙidayar 2021 ta sami kusan mutum 271,000 haifaffun Najeriya a Ingila da Wales, kafin ma tururuwar ɗalibai da ma'aikatan jinya ta 2022 da 2023. Daga 15 ga Yuli 2025 an daina manna biza a fasfon masu zuwa karatu da aiki, sai eVisa. Mutumin da ya je gida hutu ko ta'aziyya, zai dawo daga Kano ta Alƙahira ko Addis Ababa ko Doha, ma'aikacin kamfanin jirgi ne ke tsaye tsakaninsa da gidansa. Kamfanin yana aika bayanan fasfo zuwa Birtaniya, na'ura ta amsa a bar shi ya hau ko a ƙara bincike. Doka ta ɗora wa kamfani tarar fam 2,000 kan duk fasinjan da ya kawo ba tare da ingantattun takardu ba, don haka ma'aikacin da ya yi shakka ba zai yi kasada ba. Akwai layin da aka buɗe wa kamfanoni dare da rana, amma sai ma'aikacin ya ga dama zai kira, jirgi kuma ba ya jira.

Da yawa daga masu maƙalewa a nan sabon fasfo ne ke kama su. Wanda ya sabunta fasfonsa na Najeriya bai shigar da sabuwar lambar a asusun UKVI ba, na'ura ba ta san shi ba. Idan kuma rubutun suna ya sauya wajen daidaita shi da na lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, Mohammed ya koma Muhammad ko an juya jerin sunaye, gyaran ba na minti biyar ba ne. Ƙari a kan haka, duk shiga asusu sai an turo lambar sirri ta waya ko imel. Layin Birtaniya da ba ya aiki a Kano ya isa ya kulle mutum a waje. Mafi muni shi ne wanda ejan ya cike masa takardu da imel ɗin ejan da lambar ejan. Wannan mabuɗin zamansa yana hannun wani, kuma wajibi ne ya sauya su tun kafin ya sayi tikiti. Yara ma kowanne da asusunsa, har jariri, nauyin kuma yana kan iyaye.

Dattawanmu da suka zo shekaru da dama, masu hatimin tawada a tsohon fasfo, an ce su nemi abin da ake kira No Time Limit, kyauta. Da yawansu ba su ji labari ba. Duk wanda ya tuna badaƙalar Windrush ta 2018, inda aka kori mutanen da ke zaune bisa doka daga aiki, aka tsare wasu, aka tasa ƙeyar wasu, bayan Ma'aikatar ta lalata katunan saukarsu a 2010, ya san dalilin fargabarsu. Sakatariyar Cikin Gida ta lokacin, Amber Rudd, ta yi murabus a kan lamarin, binciken Wendy Williams kan badaƙalar ya fito a Maris 2020, amma bayan 'yan watanni, da majalisar dattawa ta amince a ba 'yan Tarayyar Turai shaidar hannu, majalisar wakilai ta soke gyaran.

Za a ce Ostireliya ta daina manna biza tun 2015. Haka ne. Amma Amurka har yau kati take bayarwa, kuma 'yan Birtaniya da ke zaune a Faransa da Jamus katin hannu suka karɓa bayan ficewar ƙasarsu daga Tarayyar Turai.

Abin da takardar ke nema ba sabo ba ne. Ƙungiyar the3million, mai kare haƙƙin 'yan Tarayyar Turai mazauna Birtaniya, ta daɗe da gabatar da tsarin lambar QR mai sa hannun gwamnati, irin wadda aka yi amfani da ita wajen shaidar rigakafin korona, wadda za a buga a takarda ko a ajiye a waya, a kuma tantance ta ba tare da intanet ba. Fasahar tana hannun gwamnatin nan, ta taɓa aiki da ita. Bayan wannan, a sa wa'adi na doka da za a gyara kuskure cikinsa, a cire sharaɗin wanke hannu, a biya diyya ga wanda ya rasa albashi ko ɗaki ko tikiti. Ƙungiyoyinmu da masallatanmu kuma su fara rubuta kowane kuskure da ya sami ɗan'uwa, da rana da hoton allon waya da lambar ƙorafi, su miƙa wa ɗan majalisar yankinsu, domin Ma'aikatar takan amsa wasiƙar ɗan majalisa a rubuce.