A Buɗe Shi a Gabanmu: Jawabin Ranar Cikar Shekarar Ƙungiya

 

Mu 'yan kasuwa ba mu karɓar atamfa sai mun warware ta mun duba. To me ya sa in za a yi mana allura sai mu miƙa hannu mu kau da kai?

Ba mu manta da jaririn 'yar'uwarmu ta layin 'yan kayan miya ba. A gida aka haife shi, aka yanke cibiya da tsohuwar reza, aka bi da toka. Kafin suna ya daina kama nono, jikinsa ya sandare. Malaman asibiti suka ce tetanus ce, ta cibiya ta shiga. Allah Ya jiƙansa. Rai na Allah ne, amma an umarce mu da kiyayewa.

Ƙwayar cuta ba a ganinta da ido. Reza na iya yin ƙyalli alhali tana ɗauke da ita, har da ta ciwon hanta. Shi ya sa malamar jinya ke wanke hannu da sabulu, ta sa safar hannu sabuwa, ta goge fata da auduga da sifirit, sannan ta fasa ledar sirinji. Ba iyayi ba ne, aikin ke nan.

Tun 2013, zamanin Gwamna Wamakko, jihar Sakkwato ta riga sauran jihohi raba man cibiya na Chlorhexidine. Shi ake shafa wa cibiya da hannu wankakke, ba toka ba, ba makilin ba. Kuma kada ya kusanci idon yaro.

Ga roƙonmu. Ko ungozoma ce, ko wanzami ranar kaciya, ko mai kemis, mu ce: "Don Allah a buɗe sabo a gabanmu." A kayan haihuwa mu tanadi reza cikin takardarta, da sabulu, da man cibiya. Mai ciki ta je awo ta karɓi allurar tetanus. Mu da muke ajin yaƙi da jahilci yanzu muna karanta ranar lalacewar magani a jikin kwali. Mu duba wa waɗanda ba su iya ba.

Wallahi tambaya ba raini ba ce. Wanda ya san aikinsa ba ya jin haushinta.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya kai mu baɗi lafiya.