Yawan Mutane Da Zafin Duniya: Jawabi Kan Unguwar Faisal

 

Ana ta cewa wai yawan haihuwa ne ya sa duniya ke ƙara zafi, damina ta rikice. To, bari mu auna maganan nan da wata unguwa ta ƙasar Masar wadda a ke kira Faisal. Tana Giza ne, ƙetaren kogin Nilu daga Alkahira, kan hanyar zuwa dalar Fir'auna. A da gonaki ne masu albarka. Yanzu kuwa benaye ne na jan bulo, sun matse juna, iska ba ta samun hanya. Baƙi daga Sudan da sauran ƙasashen Afirka suna zaune a ciki, kamar yadda mu ke zaune a zongo.

A 1960 mutanen Masar wajen miliyan 26 ne. A 2020 sun kai miliyan 100. Kusan dukansu a bakin Nilu su ke, gama sauran ƙasar hamada ce. Rabonsu na ruwan kogin kuwa yana nan yadda aka yanka musu a yarjejeniyar 1959. Watau tulu ɗaya ne, masu sha sun kusa riɓanya huɗu. Inda aka share gona aka kafa bene, bulo da kwalta su kan sha rana, su yi ta fid da zafi har tsakad dare. Nan kam yawan mutane ya yi aiki.

Amma fa hayaƙin man fetur da kwal, wanda ke tare zafi a sama kamar bargo, ba talakan Faisal ne ya fi tayar da shi ba. Afirka duka ba ta fid da kashi 4 cikin 100 na hayaƙin nan. Sin da Amurka su ne kan gaba. Shi ya sa a taron Sharm el-Sheikh na 2022 aka amince a kafa asusun taimakon ƙasashen da ɓarnar ta fi shafa. Saboda haka kada wani ya ɗora wa uwa mai goyo laifin masu masana'antu.

Duk da haka, 'yan'uwa, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Zongonmu ma cika ya ke yi. Ambaliyar Ankara ta ran 3 ga Yuni 2015 ba mu manta da ita ba. Kada mu gina shago a kan hanyar ruwa. Kada mu sare itacen ƙofar gida domin ƙarin ɗakin haya. Sharar kasuwa kuma a daina zuba ta cikin kwata. Mai gida da uwargida su zauna su yi shawara a kan ciyarwa da karatun 'ya'yansu, mata da maza.

Allah ya ba mu damina mai albarka. Wassalamu.