RAN YARON KANTI YA FI CINIKIN DARE
Jawabi ga 'yan Arewa mazauna Kurmi a kan fashin kantuna da aikin ƙananan hukumomi

Maganar yau ta shafi wani mutum ne wanda kowa ke ganinsa kullum, amma ba a cika tunawa da shi ba idan hukuma ta zauna shawara a kan tsaro, watau yaron kanti. Shi ke buɗe kanti da sassafe, shi ke auna gari da sukari, shi ke ƙirga ciniki bayan sallar lisha, kuma da shi ne ɗan fashi ke fara yin ido biyu. Da yawa daga cikin 'yan Arewa mazauna Ikko da Badun da Anacha da Fatakwal irin wannan aiki ne abincinsu. Wani yana tsaron shago a Agege, wani yana da teburin shayi a Sabon Badun, wani kuwa gadi yake yi a ƙofar kantin wani. Saboda haka abin da za a faɗa game da unguwar Kpakungu ta Minna ya shafe su kai tsaye.

Kpakungu unguwa ce mai cinkoson jama'a a Ƙaramar Hukumar Chanchaga, a bakin hanyar da ta fita daga Minna zuwa Bida. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Neja a 1976 aka mai da Minna hedkwata, garin yake ta faɗaɗa, unguwanni irin wannan kuwa su ne suka zama masaukin lebura da ƙaramin ɗan kasuwa da ɗalibi. Wanda ya tsaya a shataletalen Kpakungu zai ga kantunan kayan masarufi jere, ga masu sayar da magani, ga masu cajin waya, ga kuma masu POS. Tun daga 2013, da Babban Bankin Nijeriya ya ba da iznin naɗa wakilan banki a unguwanni, kuɗin da a dā suke bayan ƙofar ƙarfe da ɗan sanda a bakinta suka dawo cikin jakar saurayi ko budurwa a ƙarƙashin laima. Ɓarawo ya san da haka. Ya kuma san lokacin da kasuwa ke watsewa har yaro ya saura shi kaɗai.

To, me hukumomi suka saba yi? Mai sauraro wanda ya manyanta zai tuna cewa a 1970 gwamnatin soja ta kafa dokar kisa ga 'yan fashi da makami. A 1971 aka harbe Ishola Oyenusi a bakin teku a Ikko, dubban mutane suna kallo. A 1987 aka harbe Lawrence Anini a Binin. Duk da haka fashi bai ƙare ba. A Minna ma an bi hanyar tsanantawa. A 2021 gwamnatin Abubakar Sani Bello ta hana acaɓa a cikin gari, sa'an nan a watan Afrilu na 2025, bayan faɗan 'yan daba ya addabi unguwanni, Gwamna Muhammad Umaru Bago ya hana babura da keken haya fita daga ƙarfe 6 na yamma zuwa 6 na safe. Babu mai musun cewa akwai dalili, domin an zubar da jini, kuma tilas ne hukuma ta motsa. Amma dukan waɗannan matakai fuskarsu tana wajen ɓarawo ne. Babu ɗaya daga cikinsu da ya leƙa cikin kanti ya tambayi halin da mai tsaronsa yake ciki. Hasali ma, duk daren da aka hana abin hawa, yaron da ya rufe kanti da ƙafa zai koma gida, wani lokaci da kuɗin maigidansa a aljihu.

Akwai wata hanya dabam wadda wani gari ya gwada a Amurka, kuma ta cancanci a dube ta. Gainesville gari ne matsakaici a jihar Fulorida, wanda fashin ƙananan kantunan dare ya dame shi. A 1986 majalisar garin ta kafa doka a kan masu kantunan. Ta ce a haskaka harabar kanti, a kawar da tallace-tallacen da ke rufe tagogi don mai wucewa ya hangi ciki, a rage kuɗin da ke cikin akwatin ciniki, a kuma koya wa ma'aikaci yadda zai yi idan ɗan fashi ya shigo. A 1987 aka tilasta ajiye ma'aikata biyu daga ƙarfe 8 na dare zuwa 4 na asuba. Masu kantuna sun yi ƙorafin tsada, har sun kai ƙara, amma dokar ta tsaya, kuma 'yan sandan garin suka ba da labarin fashi ya ragu ƙwarai. Masana sun yi gardama a kan wane sashe na dokar ne ya fi aiki, sai dai a 1992 jihar Fulorida baki ɗayanta ta yi doka mai kama da ita. A dokar jihar, kantin da aka taɓa yi wa mummunan fashi tilas ya zaɓi ɗaya tsakanin ƙarfe 11 na dare da 5 na asuba: ko ma'aikata biyu, ko maigadi, ko gilashin da harsashi ba ya hudawa, ko ciniki ta taga ƙofa a kulle, ko kuwa a rufe kantin.

Wani zai ce wannan ai ƙasar masu kuɗi ce, kuma ƙaramar hukuma a Nijeriya ba ta da 'yan sanda. Gaskiya ne, tun da aka haɗe 'yan dokan En'e da 'yan sandan tarayya a zamanin Janar Yakubu Gowon, rundunar ɗaya ce, haka kuma sashe na 214 na Tsarin Mulkin 1999 ya tabbatar. Amma wanda ya buɗe jadawali na huɗu na wannan tsarin mulki zai tarar an danƙa wa ƙaramar hukuma kula da kantuna da rumfuna da gidajen abinci, da kasuwanni da tashoshin mota, da kuma fitilun kan titi. Ma'aikatanta suna zagayawa kowace shekara suna karɓar kuɗin iznin kanti. Hukumar da ke da ikon karɓar kuɗin izni tana da ikon gindaya sharaɗi a kansa. Daɗin daɗawa, a watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, don haka jama'a suna da hujjar tambayar shugabanninsu inda fitilar lungu ta shiga. Abin kunya ne jihar da ke da madatsun Kainji da Shiroro da Zungeru a ce yaro yana ƙirga ciniki da hasken waya.

Sharuɗɗan da suka dace da Kpakungu ba masu tsada ba ne. Kantin da ke ciniki bayan lisha ya kasance da fitila mai aiki da hasken rana a ƙofarsa, da taga mai ƙarfe wadda za a miƙa kaya ta cikinta. Kada a bar yaro shi kaɗai a kantin da ke kaiwa tsakar dare. Maƙwabta uku ko huɗu suna iya haɗa kuɗi su ɗauki maigadi ɗaya, ko su rufe lokaci guda su fita tare. A kwashe kuɗin ciniki tun rana ba ta faɗi ba. Mai unguwa da 'yan sintiri su san kantunan da ke buɗe da dare. Mafi muhimmanci kuma, maigida ya faɗa wa yaronsa a gaban shaidu cewa idan aka nuna masa makami ya miƙa abin da aka nema, babu mai tuhumarsa.

A nan ne maganar take da zafi. Abin da ke sa yaro ya yi kokawa da mai wuƙa, sau da yawa, tsoron bashi ne. Ya san idan kaya suka tafi za a ce da haɗin bakinsa, ko a cire daga ɗan albashinsa wata da watanni. Alhali kuwa Dokar Ƙwadago ta 1974 ta hana maigida yankar albashi saboda asara, sai idan sakaci ko ganganci ya tabbata, kuma sai da rubutaccen iznin jami'in ƙwadago. Ta kuma wajabta a ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aikinsa cikin wata 3 da kama aiki. Har ila yau, Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa kowane maigida biyan kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin ma'aikatansa ga hukumar NSITF, domin a biya diyya idan ma'aikaci ya ji rauni ko ya rasu a bakin aiki, ko a hanyarsa tsakanin gida da wurin aiki. Dokokin suna nan a rubuce. Abin da ya rage shi ne yawancin yaran kanti ba su taɓa jin labarinsu ba, domin da baki aka ɗauke su aiki, da amanar ɗan'uwa ko ta ɗan gari.

Amana abu ce mai kyau, ita ce ta riƙe kasuwancin Bahaushe daga Kano har Gwanja. Amma amana hanya biyu gare ta. Wanda ya karɓi ɗan mutane daga ƙauye ya zaunar da shi a kanti, ya ɗauki nauyin ransa kafin nauyin kayansa. Saboda haka ya kamata sarakunan Hausawa na Kurmi da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa su sa wannan magana cikin taronsu na gaba. Su rubuta sunayen yaran da ke tsaron kantuna da masu gadi, su amince da lokacin rufewa, su buɗe asusun jinya, kana su je wa shugaban ƙaramar hukumar da suke biya wa haraji da buƙata a rubuce. Masu iyali a Minna kuwa su aika wa kansilansu da irin wannan saƙo. Kayan da aka sace ana mayar da su da cinikin wata shekara, amma uwar da aka kai wa gawar ɗanta babu cinikin da zai biya ta.

Allah ya tsare masu nema a inda suke nema, ya mai da kowa gida lafiya.