Idan Yaro Ya Ce Zane Zai Karanta a Jami'a



An nemi in yi magana a kan yaron da ya kusa gama sakandare, ya zo ya ce wa iyayensa shi dai ilmin zane da tsara fasalin kayayyaki ya ke so ya karanta a jami'a. A yawancin gidajenmu amsar da a kan ba shi gajeruwa ce: a yi dariya, ko a yi faɗa, sa'an nan a cika masa takardar neman karatun likita ko lauya. Na san galibinku ba ku kai ga aurar da 'ya'ya ba tukuna. Amma kowannenku yana da ƙane ko ƙanwa, kuma a gida ku a ke tambaya idan maganar boko ta taso. Abin da wa ya faɗa wa uba da dare, shi a kan zartar da safe. Saboda haka wannan magana taku ce, kuma ina fatan ku kai ta gida.

Bari mu fara da yi wa iyaye adalci. Uban da ya hana ɗansa karatun zane ba mugunta ce ta sa shi ba. Tsoro uku ne ke damunsa: tsoron talauci, tsoron saɓa wa addini, da tsoron abin da mutane za su ce. Kowanne daga cikinsu yana da tushe, kuma wanda ya yi musu ba'a bai taimaki yaron ba. Za mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, amma kafin nan ya kamata mu tuna da abin da muka gada.

Masallacin Juma'a na birnin Zariya, wanda aka gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu a ƙarni na 19, aikin magini ne da a ke kira Babban Gwani. Har yau masana gine-gine daga ƙasashen waje suna zuwa su duba yadda ya ɗaure bakunan rufinsa da ƙasa da azara. Marinar Ƙofar Mata a Kano, da dukawan da fatunsu suka ƙetare Sahara, da masu ɗinkin aska takwas a ƙirjin riga, da alarammomin da ke ƙawata Alƙur'ani da allon sauka da zayyana, dukansu masu tsara fasali ne. Sun san layi, sun san launi, sun san daidaito. Dagin Arewa da mu ke gani a bangon gidaje da kan takardun hukuma, wani ne ya fara zana shi. To, yaron da ya ce zai karanta wannan fanni, ashe gado ya ke nema ya riƙe da hannun zamani.

Ku ciro takardar naira 20 ku juya bayanta. Matar da ke gina tukunya a jiki ita ce Ladi Kwali, 'yar ƙabilar Gbagyi, wadda ta koyi ginin tukwane a gida tun tana yarinya. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Michael Cardew ya kafa a tsohuwar Abuja, watau Suleja ta yanzu, ita ce mace ta farko a cikin maginanta. Ta je Ingila da Amurka tana nuna aikinta, kuma a 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa. Ta rasu a 1984. Wadda ba ta zauna a ajin boko ba, yumɓu ya kai ta inda masu digiri da yawa ba su kai ba.

Akwai kuma abin da ya kamata ya sa mu tunani. Ɗaya daga cikin tsofaffin makarantun zane na ƙasar nan a ƙofar gidanmu ta ke. A 1955 aka mayar da sashen zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya daga Ibadan zuwa Zariya, kuma da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 ya zama sashenta. A 1958 waɗansu ɗalibai na wannan sashe suka kafa ƙungiya, suka ce ba su yarda a koya musu zanen Turai tsantsa ba, sai an haɗa shi da abin da suka gada daga iyayensu. A cikinsu akwai Uche Okeke, da Demas Nwoko, da Bruce Onobrakpeya, da Yusuf Grillo. Uche Okeke ya je ya shugabanci sashen zane na jami'ar Nsukka. Yusuf Grillo ya daɗe yana jagorantar makarantar zane ta Yaba a Ikko. Demas Nwoko kuwa, a 2023 aka ba shi babbar lambar yabo ta baje kolin gine-gine na birnin Venice saboda aikin da ya yi tsawon rayuwarsa. Waɗannan samari sun yi doguwar tafiya daga kudu suka zo suka sha daga rijiyar da ke bayan gidanmu. Tambayar da ta rage gare mu ita ce, 'ya'yanmu nawa muka bari suka jefa guga a cikinta?

Yanzu sai maganar abinci, wadda ita ce ta fi damun uba. Yawancin iyaye idan suka ji zane, abin da ke zo musu a rai shi ne mai rubuta lamba a bayan motar haya. Wannan ma sana'a ce ta halal, amma fannin ya fi haka faɗi. A Zariya akwai sashen zane da sassaƙa, akwai kuma sashen tsara kayan masana'antu, inda a ke koyar da zanen atamfa da yadi, da ginin tangaran, da tsara abin da za a buga a takarda ko a nuna a allon kwamfuta. Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa ta Bauchi da Jami'ar Modibbo Adama ta Yola su ma suna koyar da tsara kayan masana'antu. Duk littafin da ɗan firamare ya buɗe, duk kwalin magani, duk tambarin kamfani, duk manhajar da ku ke latsawa a waya, sai da wani ya zauna ya tsara kamanninta, aka biya shi.

Amma fa kada mu yaudari kowa. Masaƙun Kaduna da suka ɗauki masu zanen atamfa aiki shekara da shekaru, yawancinsu sun rufe tun cikin shekarun 2000. Guraben gwamnati kaɗan ne. Yanzu kuma ga na'urori masu ƙirƙirarriyar basira da ke fitar da hoto cikin ƙiftawar ido, sun fara cinye ƙananan ayyuka. Wanda zai ci abinci da wannan ilmi sai ya ƙware ƙwarai, ya iya kwamfuta, ya iya lissafin kuɗin aikinsa, ya iya cika alkawari. Sai dai a gaya mini, wane digiri ne a yau ke zuwa da takardar ɗaukar aiki a manne? Wanda ya fito da sana'a a hannunsa ya fi wanda ya fito da takarda kaɗai samun abin yi ranar da ya gama bautar ƙasa.

Ga wani misali da ya dace da gidajen 'yan boko. Njideka Akunyili Crosby, 'yar marigayiya Dora Akunyili wadda ta shugabanci hukumar kula da abinci da magunguna, ta taso a gidan likita da masaniyar magunguna, ta tafi Amurka da niyyar bin sawunsu. A jami'a ta haɗa ilmin halittu da zane, daga baya ta zaɓi zane. A 2018 an sayar da wani zanenta a kasuwar gwanjo kan fiye da dala miliyan 3. Ko da ya ke irin wannan kuɗi aljihun wanda ya mallaki zanen ya ke shiga, kuma ba kowa ne zai kai can ba, labarin ya nuna cewa yaro mai ƙwaƙwalwar da za ta iya karatun likita, idan ya zaɓi zane, ba asararsa aka yi ba.

Tsoro na biyu shi ne na addini, kuma ba abin wasa ba ne. Malamai sun yi magana mai yawa a kan suranta abu mai rai, musamman mutum-mutumi, akwai kuma saɓani a tsakaninsu game da hoton da ke kan takarda da wanda a ke yi domin koyarwa. Fatawa aikinsu ne, a je gare su. Abin da na ke roƙo shi ne a kai musu tambaya cikakkiya. Kada a ce, "Malam, yaro zai koyi yin gumaka." A gaya musu abin da ke cikin karatun filla-filla: cewa a shekarun farko a kan koya wa kowa zana siffar mutum, daga baya ɗalibi ya zaɓi ɓangarensa, kuma yadi da tangaran da gilashi da ƙawata rubutu suna cikin zaɓin. Duniyar Musulmi daga Andalus har zuwa Indiya ta shahara da kyawun rubutu da adon gini. Uban da ya ji wannan bayani daga bakin malamin da ya amince da shi, hankalinsa zai kwanta, ko ya amince ko ya hana, bisa sani zai yi.

Na uku, maganar mutane. A kan ce ɗan wane likita ne, 'yar wance lauya ce, naka fa? Iyayenmu, ku yi mini gafara, wannan shi ne mafi rauni a cikin ukun. Masu maganar ba su za su zauna wa yaron jarrabawa ba. Mu da ke cikin jami'a muna ganin waɗanda aka tura karatun da ba su so, su yi shekara biyu suna faɗuwa, a sallame su, su koma gida da kunya, ga kuɗi ya tafi. A kan tilasta wa doki zuwa rafi, amma ba a tilasta masa shan ruwa.

To, iyayen da suka amince, me za su yi? Abu na farko, a gwada gaskiyar yaron. Sha'awa daban, naci daban. A saya masa littafin zane da fensir, a zuba ido wata shida. Idan ya cika littafin ba tare da an matsa masa ba, ya nemi wani, to da gaske ya ke. A kai aikinsa wurin malamin zane ko wani gwani, a roƙe shi ya faɗi gaskiya, gama yabon uwa ba ya zama ma'auni.

Na biyu, a fara shiri tun yana aji ɗaya na babbar sakandare, lokacin da a ke zaɓen darussa. Jami'a na neman kiredit biyar, har da Turanci, kuma hukumar JAMB na fitar da littafin da ke nuna darussan da kowane fanni ke bukata a kowace jami'a. A karanta shi da kyau, domin waɗansu jami'o'in suna neman lissafi da kimiyya ga mai son tsara kayan masana'antu. Yara da yawa sun rasa gurbi saboda kuskuren haɗa darussa kawai. Idan makarantarsa ba ta da malamin zane, a nema masa a waje, ko a kai shi wurin marini, ko maɗinki, ko maɗaba'a lokacin hutu.

Na uku, a adana ayyukansa. Kada a ƙulla ƙosai da su. A sa su a jaka mai tsabta, kowanne da kwanan watansa, a ɗauki hotonsu a waya. Makarantun zane na ƙasashen waje da masu ba da tallafin karatu wannan jaka su kan fara dubawa, haka ma mai ɗaukar aiki. Abin da su ke so su gani shi ne zanen abin da yaro ya kalla da idonsa, kamar buta, ko bishiyar kuka, ko rumfar kasuwa, fiye da abin da ya kwafa daga hoton wani.

Na huɗu, a yi lissafin kuɗi tun da wuri. Wannan karatu yana cin kaya: fenti, takarda, yadi, daga baya kwamfuta. Gara uba ya san haka kafin a fara da a kai tsakiya a tsaya. Idan jami'a ba ta samu ba a karon farko, akwai kwalejojin ilmi da na fasaha da ke koyar da zane, daga nan a shiga jami'a kai tsaye a aji biyu.

Na biyar, kada a ware 'ya'ya mata. Yarinyar da ta iya zanen lalle, ko adon ɗaki, ko fitar da sabon fasalin ɗinki, ta riga ta taka matakin farko. Wannan ilmi ne da mace za ta iya aiki da shi daga ɗakinta bayan aure, ta ɗauki waɗansu aiki.

Ku kuma matasa, goyon bayan iyaye ba a karɓarsa da fushi. Wanda ya ke so a yarda da shi ya nuna aiki, ya riƙe sauran darussansa da kyau, ya zo da bayani a rubuce: ga makarantar, ga abin da ta ke nema, ga kuɗin, ga inda waɗanda suka gama su ke aiki. Idan magana ta yi nauyi a bakinsa, ya nemi kawu ko gwaggo ko malaminsa su shige masa gaba. Idan aka ce a'a, ya yi haƙuri ya ci gaba da zanensa, ya sake komawa da ladabi.

'Yan'uwa, roƙona gare ku ɗaya ne. Idan kun koma gida hutu, ku nemi ƙanen nan da kullum a ke yi wa faɗa saboda ya cika bayan littafinsa da zane. Ku karɓi littafin ku duba a tsanake, ku tambaye shi abin da ya ke so ya zama, sa'an nan ku zauna da Baba da Inna ku gaya musu abin da kuka ji a yau.

 Allah ya yi wa zuriyarmu albarka, ya sa kowa ya dace da abin da zai amfane shi.