Yadda ake auna taurin ƙarfe

Zancen yau a kan ƙarfe yake.

Manomi ya biya kuɗinsa ya sayi bakin galma. Damana ba ta kai rabi ba, bakin ya cinye, ko ya lanƙwashe. Maƙwabcinsa ya sayi nasa rana ɗaya, kasuwa ɗaya, ya yi damana uku da shi. A ido duk ƙarfe ne. Bambancin yana wurin tauri, kuma tauri ana auna shi kamar yadda ake auna hatsi.

Wanda ya fito da dabarar sunansa Brinell. Injiniya ne a wani gidan narkar da ƙarfe a ƙasar Suwed. Ya nuna ta a birnin Paris a shekarar 1900.

Ga yadda ake yi. Ana ɗaukar ƙwayar ƙarfe mai tauri, kewayayya, irin ta cikin ƙafar keke amma ta fi ta girma. Faɗinta milimeta 10. Ana aza ta bisa ƙarfen da za a gwada. Sai inji ya danna ta da nauyin kilo 3000. Nauyin buhu 30 ke nan na gero mai kilo ɗari-ɗari, duk bisa ƴar ƙwaya guda! Ana barin ta sakan 10 zuwa 15, sannan a ɗaga. Sai a ga ta bar gurbi.

Kowa ya san wannan a gona. Sawun saniya yakan nutse cikin fadama, amma a kan fako da ƙyar ake ganinsa. Haka ƙarfe yake. Gurbi babba, ƙarfe mai taushi. Gurbi ƙarami, ƙarfe mai tauri.

Ana auna faɗin gurbin da madubi mai ƙara girma, a duba takardar lissafi, a sami lamba. In faɗin ya kai milimeta 5 da rabi, lambar ta kusa 120: ƙarfe ne mai taushi, yana lanƙwasuwa. In milimeta 3 ne, lambar ta wuce 400. Darma lambarta wajen 5 ce kawai, shi ya sa ba a aza mata nauyi mai yawa.

Dabarar tana da iyaka. In ƙarfen ya cika tauri, ƙwayar ce take lotsewa, awo ya ɓaci. Don haka a 1921, a Ingila, aka fito da gwajin Vickers. Shi da tsinin lu'ulu'u ake dannawa.

Amma a lura, lamba babba ba ita ce kullum mai kyau ba. Maƙeri ya gasa ƙarfe ya yi ja, ya tsoma shi cikin ruwa, ƙarfen ya yi tauri ƙwarai. In aka bar shi haka, ranar da ya haɗu da dutse sai ya karye kamar kasko. Sai an sake ɗumama shi kaɗan, taurin ya ragu, sannan ya jure bugu.

Ƙauye babu injin Brinell, amma akwai magagari. Mai sayen galma ko gatari ya roƙi maƙeri ya goga magagari a bakin. In ya ci ƙarfen da sauƙi, gari yana zuba, bakin yana da taushi. In ya zame yana ƙara bai kama ba ko kaɗan, taurin ya yi yawa. Wanda ake nema shi ne wanda magagari ke kamawa da ƙyar.