Wanda Ajali Ya Riska a Bahar Maliya



Mu da ke Rijiyar Lemo, waɗanda muka saba ɗaukar makara a kafaɗa zuwa maƙabarta, a haƙa lahadu, a jera itace, a yayyafa ruwa bisa jar ƙasa, ba ma kawo wa ranmu cewa kakanninmu da suka tafi hajji a ƙasa, suka ratsa Barno da Sudan har suka hau jirgin ruwa daga Sawakin zuwa Jidda, akwai cikinsu wanda ajali ya riske shi tsakiyar Bahar Maliya.

Fuƙaha'u ba su bar mas'alar a duhu ba. A Muhtasar na Shehu Halil, wanda ake karantawa a zaurukan Fagge, hukuncin shi ne idan ba a tsammanin isa gaci kafin gawa ta sauya, sai a yi mata wanka, a sa likkafani, a sallace ta, sannan a saka ta cikin ruwa. Masu sharhi kuwa suka ce kada a ɗaura mata dutse, ko Allah Ya sa igiyar ruwa ta kai ta tudu wani Musulmi ya binne ta.

 A shari'a dai saka gawa cikin ruwa rukhsa ce ta lalura. A 2011 da sojan Amurka suka jefa gawar Usama bin Ladan a Tekun Larabawa, Shehin Azhar ya ƙi amincewa, domin a tudu mutumin ya mutu.